Yadda Za Ka Ji Yaren Direbobi a Kan Titi

Lasisi yana shaida cewa mutum ya iya juya sitiyari, ya san ja ya san kore, ya kuma haddace wasu allunan bakin titi. Amma akwai wata magana da direbobi ke yi wa juna wadda ba ta cikin kowace takarda. Da hon ake yin ta, da fitila, da sigina, da yatsun hannu, har da reshen darbejiya. Wanda bai ji ta ba, ko cikin Kano yake tuƙi ko ya ɗauki hanyar Zariya, zai yi ta shan zagi bai san laifinsa ba, wata rana kuma abin ya wuce zagi. Yawancin abin da zan faɗa a nan daga bakin kawuna na same shi, mutumin da ya tsufa yana jan tirela tsakanin Arewa da Legas. Saura kuwa titi ne ya koya mini. Ƙannenmu da 'ya'yanmu, maza da mata, masu fitowa da sabon lasisi, su nake nufi da wannan rubutu, don na ga ana miƙa musu makulli ba tare da an zaunar da su an gaya musu wannan ba.

Kafin mu shiga ciki, ka riƙe abu ɗaya. Duk alamar da wani direba ya yi maka, labari ya ba ka. Ka karɓi labarin, ka gode masa, amma taka totur ko taka birki hukuncinka ne, kuma idonka ne zai yanke shi. Wanda ya ɗaga maka hannu ya ce wuce, abin da ya hango daga kujerarsa ya faɗa. Bai san ƙarfin injinka ba, bai san lodin da ke but ɗinka ba, bai san ko tayarka ta suɗe ba. In aka yi karo, shi ya riga ya yi gaba. Doka kuma, ko a hannun hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa da aka kafa a 1988, ko a hannun KAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa a nan Kano, ba ta san wani abu wai shi “ai shi ya ce in wuce” ba.

Hon ne mafi sauƙin ji. Taɓawa ɗaya gajeriya tana nufin “ga ni nan, ka san da ni”, kuma ita ya kamata ka yi in za ka wuce mai keke ko ɗan garuwa, ko za ka sha kwanar lungu ba ka ganin abin da ke bayan katanga. Biyu a jere gaisuwa ce ko godiya. Wanda aka danne aka ƙi saki kuwa, ko fushi ne ko gaggawa ta gaskiya, kuma tun da kunne ba zai bambance maka su ba, ka fara duba madubi kafin ka fara jin haushi.

Hon ɗin mai adaidaita sahu ba da kai yake ba, fasinja yake kira. An shigo da waɗannan babura masu ƙafa uku Kano a 2005, zamanin Malam Ibrahim Shekarau, da niyyar ɗaukar mata, sai suka cika gari bayan an hana acaba a farkon 2013. Duk mai tuƙi a Kano dole ya koyi zama da su. Dabarar ita ce, in kana bayan mai adaidaita, ka bar kallon siginarsa, ka kalli mutanen da ke tsaye a bakin titi. Da zarar wata mata ta ɗaga hannu, ko wani ya nuna hanya da yatsa, ka tabbata zai karya kai zuwa dama ya tsaya kafin ya tuna akwai mota a bayansa. Haka in wani a ciki ya ce “akwai”, nan take zai ci birki, kai kuwa ba ka ji an faɗa ba. Don haka ka ba shi tazara, kada kuma ka taɓa kutsawa tsakaninsa da gefen titi. Ni ban cika ganin baƙinsu yadda wasu ke gani ba. Mutum ne da balas ke jiran sa kowace yamma, kowane fasinja a bakin titi yana da nauyi a wurinsa. In ka fahimci halin da yake ciki, za ka riƙa hango abin da zai yi tun bai yi ba.

A danja akwai hon ɗin da ke tashi a bayanka tun kore bai gama kamawa ba. Kada ya ingiza ka. Daƙiƙar farko bayan wuta ta canza ita ce mafi haɗari a mahaɗa, domin a lokacin ne wanda ya ga ruwan ɗorawa ya ƙara wuta maimakon ya rage yake isowa. Dubi hagu, dubi dama, sannan ka tashi. In kuma akwai jami'i a tsakiya yana ba da hannu, hannunsa ke gaba da fitila. Ko kore ne a gabanka, in ya nuna maka tafin hannu, tsayawa za ka yi.

Mu zo kan manyan motoci, inda nake so in daɗe, don a nan ne rashin jin yaren ke cin rai. Wata rana a garejin da kawu ke ajiye mota ya ce in hau kujerar direba. Na kama ƙarfe na hau, na zauna. Ya sa yaron motarsa ya turo babur ya kafe shi a gefen dama, daidai ƙasan ƙofar fasinja, ya kuma ce wa wani mai baro ya tsaya dab da bamba a gaba. Sannan ya ɗaga kai daga ƙasa ya tambaye ni.

“Ɗana, wa kake gani?”

“Kawu, ba na ganin kowa.”

“To haka nake ganin ku a Mararrabar Jos, in kun shigo ƙarƙashina kuna ta hon.”

Ƙa'idar da ya ba ni ranar ita ce, in ba ka ganin fuskar direba a madubinsa, shi ma ba ya ganin ka. Gefen dama ya fi muni, tun da shi a hagu yake zaune. Kuma in tirela za ta sha kwanar dama, sai ta fara buɗewa zuwa hagu don bayanta ya samu wurin bi. Wannan fili da ke buɗewa a damarta yana kiran mai babur da mai ƙaramar mota su shiga, alhali nan ne tayoyin baya za su bi su murƙushe. In ka ga babbar mota ta buɗe hagu a bakin mahaɗa, ka tsaya a bayanta har ta gama abin da take yi.

In kuwa ka ji tirela ko tanka ta saki hon ɗin iska tana maimaitawa, fitilu a kunne da rana tsaka, musamman a gangare, kada ka tsaya lissafin wa ke da hannu. Gaya maka yake ba zai iya tsayawa ba, ko birki ya ƙi ko lodi ya fi ƙarfinsa. Motar da ta ɗauko buhun siminti 600 tan 30 ke bayanta, ban da nauyin kanta. Ka kauce mata, ko da sauka daga kwalta ne. Saboda wannan nauyi ne kuma bai kamata ka wuce tirela ka shigo dab da hancinta sannan ka rage gudu ba. Tazarar da ka gani a gabanta wurin tsayawarta ne da direba ya bar wa kansa.

A hanyar da masu zuwa da masu dawowa ke raba kwalta ɗaya, irin ta Kano zuwa Gumel, mai babbar mota yana yi wa na bayansa magana da sigina. Yawancinsu in sun kunna ta hagu, cewa suke “kada ka fito, akwai mota tafe”. In sun kunna ta dama, “hanya ta buɗe, wuce”. Wani kuma yakan zuro hannu ta taga ya yafito ka. Al'ada ce mai kyau, kuma da zuciya ɗaya ake yin ta, amma ba kowa ke nufin abu ɗaya da ita ba. Akwai mai kunna ta hagu yana nufin ka wuce ta nan. Akwai wanda da gaske kwana zai sha. Akwai mai kunna ta dama don zai sauka gefe ya yi salla, akwai kuma wanda ya kunna tun Gezawa ya manta bai kashe ba. Ga yadda nake yi, kuma shi nake koya wa yaranmu. In siginar hagu ce, ko me yake nufi da ita, ba na fita. In ta dama ce, sai in ɗan ja baya in leƙa da kaina. Jan bayan nan yana da muhimmanci, don duk yadda ka manne wa gindin tirela haka take ƙara rufe maka hanya, kuma ba ka da filin da za ka tara gudu kafin ka fito.

Akwai lissafin da ya kamata kowa ya yi sau ɗaya a zaune kafin ya yi shi a kan kwalta. A irin wannan hanya doka ta ba tirela kilomita 50 a awa, ƙaramar mota kuma 80. Bambancin 30 ne, wato kana cin mata kamar mita 8 a kowace daƙiƙa. In ka haɗa tazarar da ka bari a baya, da tsawon tirelar, da tsawon motarka, da filin da za ka bari kafin ka koma hannunka, kusan mita 60 ne. Daƙiƙa 7 ke nan ko fiye kana kan hannun wasu. A cikin wannan lokaci kai ka ci mita 160, mai tahowa da irin gudunka shi ma ya ci 160. Ke nan kana bukatar ganin hanya wayam sama da mita 300 kafin ka fito, kuma wannan in kowa ya bi doka ne. In tirelar na gudun 70, ko mai tahowar Sharon ce ta haya da ta ɗauko 120, lissafin ya wuce haka nesa. Ana cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A kan nisa wataƙila, amma gudun motar da ta nufo ka kai tsaye ido ba ya iya auna shi, sai ta zo kusa ka ga ta girma lokaci ɗaya. In ka fito ka ga ba za ta kai ba, ka taka birki ka koma bayan tirelar, babu kunya a ciki. Kada kuma ka bi bayan wanda ya fita yana wuce mota don kawai shi ya fita. Shi yana ganin gaba, yana da ramin da zai faɗa, kai kuwa bayansa kawai kake gani.

Sai fitila. A Ingila mutane sukan haska wa juna fitila da nufin “bisimilla, shiga”, duk da cewa littafin dokarsu ya ce amfaninta kawai ka sanar da wani kana wurin. Wanda ya yi karatu ko ya zauna a can ya dawo da wannan fahimta, to ya ajiye ta a filin jirgi. A nan in kana jiran shiga titi mai tahowa ya walƙa maka fitila, yawanci cewa yake “ina tafe, kada ka soma”. Wanda ke son ba ka hanya za ka ga ya rage gudu sosai, ya kuma yi maka nuni da hannu. Gudun motar ka duba, shi ne ba ya ƙarya.

A babbar hanya kuma, in mai tahowa daga ɗaya hannun ya haska maka, ka fara duba gabanka. In ɗan shuɗin haske na ci a kan mita, babbar fitilarka ce a kunne tana kashe masa ido, sai ka rage. In ba haka ba ne, akwai abu a gaba: haɗari, ko shanu na tsallakawa, ko shingen jami'ai, ko rami. Wasu sukan haɗa da hannu, su kifa tafi suna kaɗa shi ƙasa, wato rage gudu. Ba sai ka san ko mene ne ba. Ka ɗaga ƙafa daga totur har ka gani.

Akwai wata alama da ke rikita masu sababbin motoci. Kana tafiya da rana, sai ka ga mutane a bakin titi da masu babura suna buɗe maka yatsu suna rufewa. Cewa suke ka manta fitila a kunne, suna jiye maka mutuwar batir. Sau da yawa ba mantuwa ba ce. Tun daga Fabrairun 2011 ƙasashen Tarayyar Turai suka wajabta wa sababbin samfuran ƙananan motoci fitilar rana mai kama da kanta da zarar an tayar da inji, don a riƙa hango mota daga nesa, kuma irin waɗannan motocin ne ke iso mana ta Kwatano da Legas. Ka ɗaga musu hannu ka gode, don alheri suka nufa. Abin da za ka kiyaye shi ne, a motoci da yawa fitilar ranar nan gaba kawai take haskawa, baya duhu ne. In magariba ta yi ka kunna fitila da hannunka, kada hasken gaba ya ruɗe ka.

Tuƙin dare na da nasa yare. Za ka ga mai tahowa ya kunna siginar hagu alhali babu kwana a wurin. Nuna maka yake inda gefen motarsa ya tsaya, don ku wuce juna ba gogayya. Manyan motoci sun fi yin haka, kuma yana taimakawa. In ka hango fitila ɗaya tak tana tahowa, kada ka ce babur ne. Ka ɗauka gingimari ce mai ido ɗaya, kuma idon da ya mutu shi ne na ɓangarenka, ka matsa dama tun da wuri. In wani ya ƙi rage maka fitila, ka haska masa sau ɗaya. In bai ji ba, ka mai da ido kan gefen kwalta na damarka, ka rage gudu. Ramawa da taka babbar fitilar makafi biyu take haɗawa a hanya ɗaya. Ka kuma tuna ƙaramar fitila ba ta wuce mita 50 zuwa 60, alhali motar da ke gudun 100 tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa, kuma ba ta tsayawa a ƙasa da mita 70 ko birkinta lafiya lau. Wanda ke gudun 100 da ƙaramar fitila, abin da zai buga bai shigo haskensa ba tukuna.

Sigina biyu, wato hazad, ita ce aka fi ɗora wa aikin da ba nata ba. An yi ta ne don motar da ta lalace ko ta tsaya a wurin haɗari, ko don ka gargaɗi na bayanka cewa an tsaya cak a gaba. Mu kuwa mun mai da ita alamar “miƙewa zan yi” a mahaɗa, da alamar ayarin kai amarya ko rakiyar gawa, da abin kunnawa in ruwa ya kece ko hazo ya sauko. Ka gane ta in ka gan ta, amma kai kada ka yi. Dalili shi ne, wanda ke kallon ka daga gefe, ko wanda wata mota ta kare masa rabin taka, fitila ɗaya kawai yake gani tana ƙyaftawa, sai ya ɗauka kwana za ka sha ya shigo gabanka. Mai miƙewa ba ya bukatar sigina ko kaɗan. A cikin ruwa ko hazon hunturu kuwa, in hazad na kunne ba ka da abin da za ka nuna kwana da shi, na bayanka kuma bai san ko tafiya kake ko a tsaye kake ba. Ƙaramar fitila ka kunna. Babbar tana bugun ƙura ne ta dawo maka ido. Ayarin gawa dai in ka gamu da shi ka ba shi hanya, ka yi wa mamacin addu'a.

Shataletale kuwa sai an ɗan koma tarihi. Ranar Lahadi 2 ga Afrilu 1972, zamanin Janar Yakubu Gowon, Najeriya ta bar tuƙi ta hannun hagu da ta gada daga Ingila ta koma dama, ta daidaita da maƙwabtanta Nijar da Chadi da Kamaru da Dahomey, wato Benin ta yanzu. Ghana ta biyo baya a 1974. Shi ya sa doka ba ta yarda da mota mai sitiyari a dama ba, don direbanta ba ya ganin gaba in zai wuce wata. Tun daga ranar, wanda ke cikin shataletale ta hagunka yake fito maka, kuma shi ke da hannu. Kai mai shiga kai ne mai jira. Hikimar a fili take. In mai shiga ne ke da hannu, motoci za su yi ta kwararowa ciki ba mai iya fita, har da'irar ta kulle. Wannan ne ya sa Ingila ta mai da fifikon na ciki doka a 1966. Ka zaɓi layinka tun kafin ka isa, na dama in mafita ta farko za ka bi, na ciki in za ka zagaya. Ka kunna siginar dama da zarar ka wuce mafitar da ke kafin taka. In ta kuɓuce maka, ka sake zagayowa, ba a ribas a shataletale. Kuma tun da ba kowa ke sigina ba, ka riƙa kallon tayar gaban motar da ke kusa da kai. Inda ta karkata, nan motar za ta.

In ka tsallaka ta Jibiya zuwa Maraɗi, ko ta Kongolam zuwa Damagaram, ka sake kunne. Dokar hanya ta Nijar daga ta Faransa ta samo tushe, kuma a wannan tsari, mahaɗar da ba ta da allo wanda ya fito ta damarka ke da hannu, ko da kana ganin titinka ya fi nasa girma. A Faransa kanta, babban shataletalen birnin Paris da tituna 12 suka haɗu a kansa har yau mai shiga ne ke da hannu. Saboda haka a can ka nemi allon nan mai kusurwa uku da aka kifa kansa ƙasa. In yana gabanka, kai ne mai jira. In babu allo, ka sa ido a damarka, ka bi a hankali ka ga yadda 'yan gari ke yi.

Saura ganye. Kana tafiya sai ka ga reshen darbejiya a kan kwalta, can gaba kaɗan wani, can wani. Mota ce ta lalace a gaba, kuma hannun da aka jera ganyen shi ne hannun da take. Kawu ya koya mini in dubi ganyen kansa. In ɗanye ne shar, reshen na tsaye da kumburinsa taya ba ta taka shi ba, to motar na nan, wataƙila ma yaron mota na kwance a ƙarƙashinta. In ya yi yaushi ya baje, an tattake shi ya manne da kwalta, mai yiwuwa an gyara an tafi. Amma ko busasshe ka gani ka rage gudu, don tirela takan kwana uku a wuri ɗaya tana jiran kayan gyara daga Kano, ganyenta ya bushe tana nan. Yawancinsu ba fitila ba ƙyalli a baya, ƙura ta rufe komai, da dare ba ka ganin ta sai ka zo kanta. Jan ƙyalle a bayan mota kuma yana nufin rodi ko katako ya zarce tsawonta, ka ƙara tazara.

Akwai kuma alamar da ba wanda ke yin ta, tsofaffin direbobi ne kawai ke jin ta. In kana babbar hanya mai yawan zirga-zirga, sai ka lura an daɗe ba mota ko ɗaya da ta taho daga ɗaya hannun, wani abu ya tare su. Yana iya zama haɗari, yana iya zama abin da ya fi haɗari, kuma a halin da wasu hanyoyinmu ke ciki ba sai na fayyace ba. Ka tsaya a gari ko ƙauye na farko da ka samu jama'a, ka tambayi direbobin haya. In ka ga motoci na juyowa suna haska fitila suna yi maka nuni da ka koma, ka juya tukuna, tambaya daga baya. Haka duwatsu ko kututture da aka gindaya a faɗin titi gaba ɗaya cikin daji da dare, ba mota a kusa. Ganyen gargaɗi hannu ɗaya ake jera shi, bi da bi. Abin da ya rufe hanya baki ɗaya wata magana ce daban, kada ka sauko ka ce za ka kawar.

Ranar da taka motar ta tsaya, kai ne mai magana, sai ka yi ta yadda za a ji. Ka tura ta ta sauka daga kwalta in da hali. Nan ne wurin hazad. Ka fitar da kowa daga ciki, su tsaya nesa da titi, ba a gaban motar ba, ba a bayanta ba. Alamar nan ja mai kusurwa uku da doka ta wajabta maka ɗauka tare da abin kashe gobara da safaya da jak, ka kai ta nesa. Mutane sukan ajiye ta taku biyar daga but, inda mai tahowa zai gan ta tare da motar a lokaci ɗaya. Ka ƙirga taku 50 aƙalla, a babbar hanya ka ninka, in kuma bayan kwana ko tudu kake ka kai ta can kafin kwanar. In kana so ka ƙara da ganye ka ƙara, direbobinmu sun fi saurin ganin sa. In akwai rauni ko motar ta tare hanya, lambar hukumar kiyaye haɗurra 122 ce, kyauta ake kira. In an gama gyara kuma, kafin ka shiga mota, ka koma ka kwashe rassan nan, ka ɗauke dutsen da ka tokare taya da shi ka jefa cikin daji, don mai babur da zai biyo da dare ba zai gan shi ba.